Saura Tamanin da Biyu

Litinin, 8 ga Agusta 2022

Ɗiyar Kalibu ta zo gidana yau da hantsi. Priskila. Ban gane ta ba sai da ta faɗi sunan ubanta, na ji gabana ya faɗi kamar ɗan lekwal da aka kira ofishin darakta, shugaban makaranta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba Idi, Mama ta aiko ni."

Kalibu ya faɗi a gona tun farkon shuka. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Wata biyu ke nan, kuma Tsibiri, garinsu, nan ce bakin hanci, amma ban ji ba. Ko kuwa ba wanda ya ga dalilin gaya mini.

Ta miƙo mini takarda. Ta ce kullum sai ya ja hannun hagu ya rubuta wannan, a ƙasa, a allo, har a jikin tabarma da gawayi. Sun gwada ta a waya, ba lambar kowa ba ce. Sun duba waƙoƙin majami'a, babu mai wannan lamba. Rubutun ya karkace kamar na ɗan aji ɗaya: 36209.

Na ce mata zan duba. Ƙarya nake. Tun kafin ta gama buɗe takardar na gane ta.

Shekarunta talatin da bakwai. Ban tambaye ta ba. Na sani.

Talata, 9 ga Agusta

Na sauko da akwatin ƙarfe, matata Zuliha tana ta faɗan ƙura a kan gadonta. Kayen, littafin lissafinmu ni da Kalibu, yana nan a ƙarƙashin tsofaffin takardun jarrabawa. Bangonsa shuɗi, gara ta ci gefe ɗaya. A ciki rubutu kala biyu: baƙi nawa, ja na Kalibu, don shi ko wasiƙa da jan biro yake yi.

A shafin farko, da manyan baƙaƙe: 2 147 483 647.

Shekara ta 1984 ce. Mu biyu ne malaman lissafi a kolejinmu, samari, ɗakinmu ɗaya a Sabon Gari. Wani tsohon littafi ya ce wannan lamba ba ta rabuwa da komai sai da ɗaya da kanta, irin su 7 da 13 da 31, amma ita mai gurbi goma. Kalibu ya rufe littafin ya ce, "Shi ya ce. Mu mun gani?" Daga nan muka shiga uku.

Asalinta mai sauƙi ne. Ka jera biyu sau talatin da ɗaya, ka ninka su, ka cire ɗaya. Danginta su ake kira lambobin Mersenne: 3, 7, 31, 127, haka har ita, ta takwas a gidan. Abin da ya fi burge Kalibu, talatin da ɗayan ma 'yar gidan ce, a jera biyu sau biyar, a ninka, a cire ɗaya. Yakan ce, "Wagga uwa da uba duk 'yan sarauta ne."

Don a tabbatar, sai an gwada raba ta da lambobi har zuwa 46 340. Na ce wannan sai jikokinmu. Ya yi kwana tara ba ya cin abincin kirki, ran na goma ya shigo ajina ana tsakar darasi, alli har a gira, ya ja ni waje. Ya gano cewa duk lambar da za ta iya raba ta, in ka raba ita kanta da 248, dole saura ya zama 1 ko 63. Sauran duk a zubar. Daga dubu arba'in da shida aiki ya dawo rabawa 372. Daga baya na ji cewa wani masani ya riga shi da shekara ɗari biyu. To, amma shi ba a ɗakin Sabon Gari ya gano ta ba, da kwano ɗaya na shinkafa da wake.

Mun yi 290. Ta ƙarshe 36 023, da jan biro. Mai bi mata ita ce 36 209.

Alhamis, 11 ga Agusta

Hadari ya haɗo ta gabas. Ban je ba.

Asabar, 13 ga Agusta

Babu hadari. Zuliha ta ajiye mini kunu ta ce, "Malam, in ƙafa ce, akwai kabu-kabu. In kuma ba ƙafa ba ce, ka faɗi."

Bari in rubuta yadda abin ya faru, ko don kaina. A 1985 an kira taron malaman lissafi a Yamai. Mu biyu aka gayyata. Ana jibi tafiya naƙuda ta kama Batula, matar Kalibu, ta zo da gardama. Ya ce, "Idi, tahi da kayen, ka yi magana da bakinmu." Na tafi. Na hau gaban manya na zana dabarar 248 a allo. Aka yi tafi. Wani babba ya tambaya, "Kai ka gano wannan?"

Na ce eh.

Kalma ɗaya ce. Ban shirya ta ba. Kuma ai ni ma na yi rabawar, rabi da rabi. Kuma da ya je da kansa… To. Bayan wata huɗu aka ba ni muƙamin mai duba malaman lissafi na jiha, da babur. Takardar taron ta iso makarantarmu da sunana ni kaɗai. Kalibu ya karanta ta a ɗakin malamai, ya ninke, ya ce, "Barka, Idi." Bai ƙara ba. Shekara na zagayowa ya nemi a mai da shi makarantun daji, a can ya yi ta yawo har ya ajiye aiki a Jiratawa. Ba mu yi faɗa ba. In mun haɗu wurin jana'iza mukan ɗaga wa juna hannu. Da ya zage ni da tuni an wuce wurin.

Talata, 16 ga Agusta

Na je.

Hanyar Tsibiri ta yi kore shar, hatsi ya kai ƙugu. Na tuna lokacin da muke zuwa kan keke ɗaya, shi yana tuƙi ni ina baya da kayen a cikin riga, tsohuwarsa tana jiranmu da tuwo da miyar kuka. Sai ta kore mu bayan gida mu yi "haukanmu na lamba", in lokacin salla ya yi ita ke miƙo mini buta. Allah ya jiƙan rai, ita ma ban zo gaisuwarta ba sai a tsaitsaye.

Batula ta tare ni a zaure. Ta tsufa, amma idon nan nata yana nan. "Mushe Idi," in ji ta, yadda ake kiran malaman lekwal. "Ka gane hanya?" Na ce na gane. Ta ce, "Madalla."

Kalibu yana kan kujera ƙarƙashin itacen bedi. Mutumin da yake cika ƙofa, yanzu riga ta yi masa yawa. Bakin ya karkace. Na yi masa sannu, na yi ya jiki, na ƙara ya jiki. Kalma ɗaya ce ta rage masa a baki, "to". Bai ba ni ita ba. Idonsa yana kan abin da ke hammatata.

Na buɗe kayen a cinyarsa. Ya daɗe yana shafa jan rubutun da yatsa. Sai ya ƙwanƙwasa allon da ke gefensa, ya dube ni yadda yake duban ɗalibin da ya makara.

Na rubuta, na fara rabawa da ƙarfi, yana bi da ido. Shekara goma rabona da doguwar rabawa. 59 308, saura 275. Ba ta rabu ba.

Ya ce, "To."

Batula ta juya ta shige ɗaki da sauri. Mun yi uku yau. Saura saba'in da tara.

Talata, 23 ga Agusta

Na tsayar da Talata, Alhamis da Asabar. Uku-uku, don yana saurin gajiya. Ni ke rubutu, shi ke duba.

Asabar, 3 ga Satumba

Priskila ta zo daga shagon ɗinkinta ta same mu. Ta leƙa, ta latsa wayarta, kafin in goge allo ta ce, "Baba Idi, ga shi nan an rubuta. Ba ta rabuwa. Tun tuni aka sani." Har ta karanto mana cewa yanzu na'ura ta gano wata 'yar gidan mai gurbi fiye da miliyan ashirin da huɗu. Wai tamu jaririya ce.

Na ce, "Ɗiyata, ke ma ai ana sai da riga ɗinkakkiya a kasuwa."

Kalibu ya yi wani sauti, na zaci sarƙewa ya yi, ashe dariya ce. Rabin fuska ke dariya, rabi na kallo. Na tuna ranar da ya tsaya a gaban aji yana rarraba lambobi kamar mai rabon dangi a biki: waɗannan tagwaye ne, 11 da 13, 17 da 19, tazarar biyu tsakaninsu. Wani yaro ya ce, to babbar fa, tana da tagwai? Kalibu ya sa su suka duba da kansu. In ka ƙara mata biyu, uku ta raba. In ka rage biyu, ta ƙare da biyar. Ba ta da kowa kusa. Yaran suka yi ta jin tausayinta har aka tashi.

Laraba, 14 ga Satumba

Jiya na tarar da baƙo, Anuhu, babban ɗansu, daga Yamai. Mutumin kirki, mai ladabi, amma ya zo da shawararsa a ƙulle. Bayan girbi zai tafi da uban, a ajiye shi a gidansa a sami mai kula da shi. Na ji shi yana ce wa uwar a zaure, "Mama, Baba ba ya nan. Jikin ne kawai. Wannan lissafin, Baba Idi ne ke yi, shi kallo yake." Batula ta ce ita ba ta bar gidanta da kabarin iyayenta ta je ta zauna a bene ba, kuma ba a raba ta da mijinta tana da rai.

Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba. Raina a ɓace, sai na yi kuskure a ragi, na ajiye bakwai inda ya kamata shida. Wallahi ba da gangan ba. Na wuce layi biyu, sai na ji an buge mini hannu. Kalibu ya fizge allin, ya ja layi a kan bakwai ɗina, ya zana shida a gefe, babba, karkatacciya. Sannan ya zagaye ta, ya ƙwanƙwasa sau biyu. Haka yake yi wa 'yan aji uku.

Anuhu yana tsaye a kanmu. Ya karɓi allon ya duba a wayarsa. Ya daɗe. Sai ya durƙusa a gaban kujerar ya ce, "Baba, kana jina ashe?" Kalibu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To!" Irin ta wanda aka yi wa tambayar banza.

Ban taɓa jin daɗin an kama ni da kuskure ba sai jiya.

Lahadi, 25 ga Satumba

Ɗaurin aure a Jiratawa, dangin Zuliha. Bayan an shafa fatiha wani magidanci ya matso, Sha'ibu sunansa, yana noman zogale da albasa a fadamar gulbi. Ya ji an kira sunana. Ya ce, "Kai ne Mushe Idirisa na 248?"

Na ce wane 248?

Ya ce shi ɗalibin Mushe Kalibu ne. Duk shekara, ranar ƙarshe kafin hutu, sai ya rubuta musu wata doguwar lamba a allo ya ba su labarinta. Har yanzu ya haddace ta, ya karanto mini ita tiryan-tiryan a tsakiyar mutane. Na ce, to me yake ce muku game da dabarar? Ya ce, "Cewa yake, ni da abokina Idirisa muka gano ta, a ɗaki guda. Yana Maradi, babban mutum ne yanzu. Wata rana za mu ƙarasa."

Ni da abokina. Shekara nawa yana faɗin haka ga yaran da ba su san ni ba, ba kuma za su taɓa gaya mini ba.

An kawo abinci ban iya ci ba. Zuliha ta ce wa mutane ciwon ciki ne.

Talata, 27 ga Satumba

Ban je ba. Ba hadari.

Alhamis, 29 ga Satumba

Na je da maganar a bakina. Na ajiye kayen a rufe. Na ce, "Kalibu, a Yamai, da aka tambaye ni…" Ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa allo. Na ce ka bari in gama. Ya sake ƙwanƙwasawa. Na ce, "Ba zan rubuta ko sifiri ba sai ka ji."

Na faɗa. Duka. Cewa dabarar tasa ce shi kaɗai, ni ko kusa ban hango ta ba. Cewa na ce eh. Cewa na hau babur ɗin shekara goma sha ɗaya ina sane da na wane ne. Cewa abin da ya hana ni zuwa ba girman kai ba ne kawai, kunya ce, ita kuwa kunya in ta kwana sai ta yi 'ya'ya. Na ce ka yafe mini.

Ya daɗe yana kallon kaji suna tono. Hawaye ya gangaro ta idon ɓarin da ya shanye, amma Priskila ta taɓa ce mini wannan idon yakan yi haka da kansa, don haka ban sani ba. Can ya ce, "To." A hankali. Ban san wace iri ba ce.

Batula tana bakin madafa, ta ji komai. Da ta rako ni zaure ta ce, "Ni dai ban yafe ba tukuna, Mushe Idi, kada ka ce an gama. Shekarun da na yi ina bin shi ƙauye-ƙauye da yara, ni na san su." Na ce gaskiyarki. Ta ce, "Shi kuwa tun kafin a yaye Priskila ya daina fushi. Jira yake ka zo da kayen. Kai ka tahi da shi, ka manta?"

Ban manta ba. Ban dai taɓa tunanin haka abin yake ba.

Ta ce in zo da wuri ran Asabar, za ta yi dambu.

Asabar, 8 ga Oktoba

Ana ta yankan hatsi, damma sun cika bakin hanya. Saura goma sha biyu. Na ce mu rage zuwa biyu-biyu saboda gajiyarsa. Ya harare ni ya ɗaga yatsa uku. Ya gane ni.

Yanzu shi ke rubuta saura da hannun hagu. Huɗunsa ta fara kama da huɗu.

Talata, 18 ga Oktoba

Mun gama.

Ta ƙarshe 46 191. Da na rubuta ta sai ya fara wannan dariya tasa ta rabin fuska, ya nuna gurabenta ɗaya bayan ɗaya. Na tara su: ashirin da ɗaya. Uku tana raba ta, ita kuwa uku ba ta raba tamu, ke nan ba ma sai an gwada ta ba. Shekara talatin da takwas muna bin hanya, ashe a ƙofar ƙarshe ba kowa. Duk da haka muka yi ta, don tun farko mun ce ba tsallake. 46 491, saura 17 866.

Rabawa 372, babu wadda ta tashi ba saura. Lambar ba ta rabuwa. Mun gani.

Na zaci zan yi kabbara ko in yi tsalle. Ban yi ko ɗaya ba. Batula ta kawo fura, Priskila ta ɗauke mu hoto. Na ciro jan biro da na saya a hanya, na rubuta a ƙasan shafin: Dabarar Kalibu ta tabbata. Na sa kwanan wata, na miƙa masa ya gani. Ya karɓi biron. Ya fi minti biyar yana fama, harshe a waje, ni kuwa na kau da kai don kada ya ji nauyi. Da ya maido, ya ja ɗan layi bayan sunansa ya ƙara haruffa biyar a sama: da Idi.

Na ce ba haka aka yi ba. Ya rufe kayen, ya danne shi da hannu a cinyarsa. Ban karɓa ba. A can na baro shi.

Alhamis, 27 ga Oktoba

Sun tafi Yamai yau da safe. Ba yadda Anuhu ya so da farko ba. Tun ranar shidan nan ya canza magana, ya samo inda ake koya wa masu irin wannan ciwo motsa hannu da magana. Wata uku, in ji shi, kuma da Batula za a je, a dawo da su tare. Ita ta yarda da bakinta.

Na je rakiya. An kwantar masa da kujerar gaba. Na riƙe hannunsa na hagu ta taga, na ce Allah ya kiyaye hanya, ya ba da lafiya. Batula ta ce amin, ta ƙara da cewa, "Ka riƙa cin abinci, ka rame." Motar ta tashi. Na tsaya har ta sha kwana.

A shekarunmu wata uku ba ƙaramin alkawari ba ne. Ban faɗa wa kowa haka ba.

Asabar, 29 ga Oktoba

Na shirya har na sa hula, sannan na tuna.

Juma'a, 4 ga Nuwamba

Priskila ta biyo da saƙo. Wai an ce hannun yana motsi kaɗan. Wai ya ƙi mai koya masa magana, sai in ta zo da allo. Wai Mama ta ce a gaya wa Mushe Idi gidan Anuhu akwai ɗakin baƙi, ba wai tana gayyata ba ne, faɗi kawai take.

Ni da doguwar tafiya mun yi sallama tuni. Bayana ba ya son mota, kuma kwana guda cur ake yi a hanya. Na gaya wa Zuliha haka, ta ce ai kuwa gaskiya ne.

Bayan an sauko daga masallaci na bi ta tasha, don hanyar ta fi inuwa. Tunda na zo, na tambayi lokacin da motar Yamai take tashi. Tambaya kawai. Sun ce da asuba, kuma kujerar kusa da ƙofa ta fi wurin miƙe ƙafa, in mutum ya riga kowa. Na ce su rubuta sunana a kanta ran Litinin, kada wani ya zo ya ce ba a gaya masa ba. Ban ce zan je ba.

Da na dawo gida na tarar Zuliha ta wanke manyan riguna biyu ta shanya. Ban tambaye ta ba.